Bidiyon Sa'a

Na miƙa wa Lukuman wayar.

"Saurara da kyau. Ka ce min ba muryar Murja ba ce wannan."

Wata biyu ya rage bikinmu. Daga Gwarzo ya taso a kan babur har Kabo duk da tsadar mai, amma ko ruwa ban ba shi ba.

A bidiyon, ƙanwata Sa'a ce tsaye a gaban aji tana karatu, i'ina ta riƙe mata harshe. Mai ɗaukar kuwa tana kwaikwayonta tana ƙyalƙyala dariya. Murja ce, autar su Lukuman, ajinsu ɗaya a makarantar kwana.

"Ita ce," ya faɗa a hankali. "Tun yaushe, Badi'a?"

"Wata uku. Babu wayar da bai shiga ba. Ko awo Sa'a ta kai niƙa sai yara sun bi ta suna 'Sa-sa-sa'a'..."

"Kuma ba ta gaya wa kowa ba?"

Wa za ta gaya wa? A gidanmu Baba ba ya tambaya, hukunci yake yankewa. Inna kuma maganarta ɗaya ce, a yi haƙuri. Ni kaina ina can ina lissafin ranar biki, sai da ta ƙi komawa makaranta na lura ta rame. Da na matsa mata, cewa ta yi, "Yaya, in na faɗa za a ce ni na jawo."

Haka kuwa aka yi. Ranar da Baba ya ji, ita ya fara rufewa da faɗa, ya ce wa ya sa ta tsaya a ɗauke ta.

"Ki ba ni kwana biyu, abar ƙaunata," in ji Lukuman.

Kwana biyun suka zama goma. Hajiyarsu ta ce wasan yara ne, ba za a ɗaga wa autarta hankali ba. Ta ce yarinyar da tun ba ta shigo ba ta fara haɗa wa da ƙanwa faɗa, gara a fasa.

Na kira shi ina kuka.

"Ina son ka, Lukuman, Allah ya sani... Amma ba zan zauna a gidan da aka mayar da ƙanwata abin dariya ba."



"Mu muka ɓata Murja," ya ce. "Tun rasuwar Abbanmu babu wanda ya taɓa ce mata bari. Har da ni."

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama, Murja na bayansa ta ja hijabi har ido. Baba ya fito yana huci, ya ce shi Hisba zai kai maganar, auren ma ya janye.

Sai Sa'a ta fito daga ɗaki.

"Ba... Baba."

"Koma ciki."

Ba ta koma ba.

"Ni ba Hi... Hisba nake so ba. So nake ka ta... tambaye ni yadda na ji."

Baba ya dube ta, ya dubi Inna, sannan ya janyo tabarma ya zauna.

"To, Sa'adatu. Yaya kika ji?"

Ta fi rabin awa tana magana. Babu wanda ya ƙarasa mata kalma ko ɗaya. Da ta kai inda ta ce ta sha yin addu'ar Allah ya ɗauke mata murya gabaki ɗaya, Baba ya rufe fuskarsa da hularsa.

Murja ta durƙusa tana kuka tana ba da haƙuri. Sa'a ta ce ta ji, amma ba yau ba.

An ɗaga bikin zuwa bayan babbar Sallah. Bidiyon bai gama fita daga wayoyin mutane ba, sai dai Baba da kansa ya mayar da Sa'a makarantar jeka-ka-dawo, kullum kuma sai ya tambaye ta me aka yi a aji.

Ranar da za a kai ni Gwarzo, ina cikin mota na riƙe hannun Sa'a.

"Idan ba kya so, wallahi ko yanzu sai na sauka."

Ta gyara min mayafi tana murmushi.

"Ki ta... tafi, Yaya. Yanzu ina da wanda zan gaya wa."