Dutse Mai Lamba Ɗaya

Yammacin da abin ya fara, Hedimasta yana zaune a baranda da gwangwanin farin fenti da ɗan buroshi, yana rubuta lamba a jikin tsofaffin kaya. Shekara huɗu ke nan da ya yi ritaya, kuma tun daga lokacin unguwar ba ta huta ba. Shi ya kafa ƙungiyar tarihin unguwa, shi ne shugaba, shi ne sakatare, in taro ya tashi shi ne mai kwashe kujeru. Ya bi tsofaffi gida gida da rikoda yana ɗaukar hirarsu, ya tara hotuna da taswirar filaye da wata fitilar ƙwai da ta girme shi. Ranar Asabar za a baje kayan a zauren makarantar firamare, a raba ɗan littafin da ya rubuta, wanda ya buɗe da cewa kafin mahaifinsa ya gina gida na farko, babu kowa a wurin sai daji.

Lamba ɗaya ya ba wani dutsen niƙa da ya sa aka tono masa a kangon da ke bayan tankin ruwa. Ya rubuta kati ya jingina masa: "Dutsen niƙa. Ba a san mai shi ba."

Rana ta faɗi. Yaran layi suka watse, iska ta tsaya cak. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangaro. Wata ta biyo ta, sannan wata. Ya leƙa waje da niyyar faɗa, bai ga kowa ba. Da ya juyo sai ya tarar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, mai karatun aikin jinya, wadda ta buga masa littafin nan a kwamfuta. Ta ajiye farantin shayi a ƙasa, ta durƙusa a gaban dutsen, tana gurza tafukanta a kansa, gaba da baya, ba hatsi ba komai.

"Auta, lafiya?"

Ta ɗago kai. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata tsohuwa ce mai kauri.

"An san mai shi," in ji muryar.

Kwana huɗu suka yi a cikin wannan hali. Da rana Auta tana kwance, ido buɗe, ba ci ba magana. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai jifa ya fara, ta miƙe ta nufi dutsen, kuma maza uku ba sa iya riƙe ta. Fatar tafukanta ta saɓule. A asibiti aka auna jini aka ɗauki hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba.

"Don Allah, Malam, ka mayar musu da kayansu," in ji matarsa tana kuka. "Tarihin nan naka zai ci mini 'ya."

Ya ɗora dutsen a baro ya mayar da shi kango da hannunsa, ya rufe da ƙasa. Da magariba ta yi sai ga dutsen a baranda inda yake a da, fentin lambar ɗanye shakaf. Mutumin da ya shekara talatin yana tsorata yara da kallo ɗaya ya zauna a ƙasa yana rusa kuka, don ya ga 'yarsa tana ƙarewa a gabansa kuma bai san wa zai roƙa ba.

Ranar Alhamis aka kawo wani malami mai ruƙiyya a bayan babur, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ba ya son yawan gaisuwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da dutsen, ya zauna ya fara karatu a hankali. Jifa ya yi ta sauka har ya gaji ya tsaya. Auta ta sandare, ta yi wata ƙara da ta sa karnukan layi suka ɗauka.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Maƙwabciya."

"Maƙwabciyar wa?"

"Ta mai dutsen. Ina cikin tsohuwar rijiya, ita tana bukkarta a bakin rijiyar. Shekara arba'in tana yi wa manoma niƙa, in za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi mini magana in kauce. Uban wannan ya zo da masu awon fili, ya ce wurin ya shiga cikin nasa. Ya yaye mata rufi ana tsakiyar damina. Ta ɗaure tsummokaranta ta tafi, dutsen ya fi ƙarfinta. Na yi shiru shekara hamsin. Sai ga ɗansa ya rubuta wai babu kowa."

Malamin ya juyo ya dubi Hedimasta. "Ka san wannan?"

Ya sani. Wani tsohon magini ya ba shi labarin duka a rikoda, har da sunan matar. Ya saurara sau ɗaya a ɗakinsa, ya tuna titin unguwar da ke ɗauke da sunan ubansa, ya danna ya goge kaset ɗin. Maginin ya rasu bara.

"Na sani," ya ce.

"To yarinyar fa, me ta yi miki?" in ji malamin.

"Yatsunta ne suka buga ƙaryar. Ku bar mini hannuwanta, ta yi niƙa shekara arba'in."

"Ba ki da haƙƙi a kan ko farcenta. An zalunci maƙwabciyarki, ke kuma kin zo kina zaluntar wadda ba ta ji ba ta gani ba. Fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Jikin Auta ya yi ta karkarwa, muryar tana ihu tana cewa ya isa, ya isa.

"Zan fita. Amma ya tsaya a gaban mutanen da zai tara, ya faɗa da bakinsa. In ya haɗiye ko kalma ɗaya zan dawo, kuma ba mai fitar da ni."

"Ba don tsoronki zai faɗa ba," in ji malamin. "Don gaskiya ce. Hedimasta, ka ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka. Wallahi na ɗauka."

Auta ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Ta yi barci, ta farka, ta sha ruwa, amma ko uffan ba ta ce ba. Juma'a ta wuce a haka. Uwar tana kiran sunanta, ita tana kallon bango.

Ranar Asabar bayan la'asar zauren ya cika. An jera kaya a kan teburan 'yan makaranta, an rataye babban hoton mahaifinsa a jikin allo. A layin gaba ga yayansa da babbar riga, ga gwaggonsa da aka ɗauko a kujerar guragu don ta ga an karrama ɗan'uwanta. Can baya matarsa ta zaunar da Auta, hannuwa naɗe da bandeji.

Hedimasta ya riƙe littafin, bai buɗe ba. Ya dubi gwaggo, ya dubi bandejin, sai ya fara.

"Layin farko na littafin nan ƙarya ne, kuma ina sane na rubuta shi."

Ya faɗi bukkar, ya faɗi damina da rufin, ya faɗi kaset ɗin da ya goge. Yayansa ya miƙe, ya ce, "Ka tozarta ubanmu a kabarinsa. Daga yau kada ka taka ƙofata." Ya tura kujerar gwaggo suka fice, wasu suka bi su.

Wata malamar makaranta ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, mene ne sunan matar?"

Ya ji sunan a bakin maginin, amma ya yi ƙoƙarin mantawa har ya yi nasara. Ya tambayi tsofaffin da suka rage a zauren, kowa ya girgiza kai.

Ya je gaban dutsen ya ɗauki katin, ya zaro biro ya soke rubutun. Yana so ya rubuta a ƙasa cewa mai shi ta riga kowa zama a nan, amma katin sai zamewa yake, haruffan suna karkacewa. Bai ji tahowarta ba, sai ganin farin bandeji ya yi a gefen teburin.

"Baba," in ji Auta, da 'yar siririyar muryarta ta kullum, "kawo in danne maka. Hannunka rawa yake."