Kwali na Biyar

Jakar tana nan inda aka ajiye ta jiya, cikin firjin falon manyan baƙi, a bayan kwalaben madara, zif ɗinta a rufe. Sai da Madam Bake ta ɗaga ta ta ji ba nauyi. Ta buɗe. Ƙanƙara na nan, takardar likita na nan, kwalaben allura shida babu ko ɗaya. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, a gaban baƙi uku masu shan kofi, ta rungume jakar. Ƙarfe shida da rabi na safe ke nan, a hawa na bakwai na otal ɗin Setonji da ke bakin teku a Kwatano.

Bakwai da kwata Sufeto Tossou ya iso. Shekararsa ashirin a aikin, kuma ya san abin da ake fara yi. Tun daga ƙofa ya ba da umarni kada ma'aikaci ko ɗaya ya fita harabar otal ɗin sai ya ce.

Madam Bake mutuniyar Parakou ce, dillaliyar man kaɗanya. Mijinta Orou malamin makaranta ne, yana kwance da ciwon daji. Allurar da likita ya rubuta masa sai da ta hau jirgi har Tunis ta sayo, kuma gobe za a yi masa ta farko. Ta nuna wa Tossou hoton kwalin maganin a wayarta. Akwai wata 'yar alama koriya a jikinsa. In maganin ya sha zafi alamar za ta koma ja, daga nan sai zubarwa.

Ya tambaye ta me ya kawo ta otal mai tsada haka. Ta ce wuta. An ce mata nan ba a ɗaukewa. Ƙaramin ɗaki ta nema, sai yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce firjin ƙananan ɗakuna ba ya sanyi sosai, amma in ta ƙara sefa dubu ashirin da biyar za a kai ta hawa na bakwai, ga falo, ga karin kumallo kyauta, ga babban firji. Duk wanda ya taɓa kwana a manyan otal-otal ɗinmu ya san wannan waƙar. Ba ka gama faɗin sunanka ba an fara rera maka ita.

"Ni ko ƙwan nasu ban ci ba," in ji ta. "Firjin na saya."

Daraktan otal ɗin ya zo yana murza hannu. Tossou ya nemi hoton kyamarar falon, ya ce babu, manyan baƙi ba sa son ido a kansu. Ya ce a buɗe jakunkunan baƙin nan uku, darakta ya ce sai dai da takardar kotu, kuma ɗayansu jirginsa ƙarfe tara. Haka Tossou ya tsaya yana kallo suka goge baki suka wuce. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai da yadda zai yi. Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali, firjin yana bayan kanta ne, kuma su ukun zaune suke a gaban juna tun shigowarsu.

Afiavi ce mai kula da falon, ita kowa ya fara zargi. Mace ce mai 'ya'ya uku.

"Yaushe kika buɗe?"

"Biyar da rabi, Shef. Na ga jakar."

"Kin taɓa ta?"

"A'a. An ce magani ne, kada a matsar."

"Kin bar falon?"

Ta ce ta sauka kicin ɗauko burodi kafin baƙi su fara zuwa, minti goma, kamar kullum. Katin ƙofarta wata biyu ke nan da lalacewa, ta kai ƙara har ta gaji, don haka kujera take tokare ƙofar da ita. Wato minti goma falon na buɗe ga duk mai ƙafa. Aka caje ta, aka caje lokar da take ajiye kayanta, aka caje lokar kowa da kwandunan wanki da firjin kicin. Babu. Ƙarfe tara ta wuce a haka.

Duk wannan kai-komo da Musiyu Zannou aka yi shi, shugaban teburin karɓar baƙi. Dogo ne mai fara'a, kwat ɗinsa kamar yau aka ɗinka. Shi ya kai wa Madam Bake ruwa, shi ya ba ta kujera yana ce mata Mama. Da Tossou ya tambaye shi game da Senami, yarinyar da ta sayar mata da ɗakin, sai ya kare ta.

"Yarinyar kirki ce, Shef, baki ne kawai ba ta da shi. Yau ma da ƙyar ta cika talatin ɗinta."

Ya yi bayani cewa kowane ma'aikacin tebur sai ya sayar wa baƙi karin kumallo talatin a wata, wanda ya gaza a sallame shi. Yau kuma ƙarshen wata. Tossou ya rubuta, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Sau biyu Zannou ya nemi izinin fita na minti biyar, wai zai sayo katin waya. Sau biyu Tossou ya hana.

Madam Bake tana zaune a ƙasa kusa da ƙofar shiga. Motar Parakou da za ta hau ta tafi tun bakwai. Duk sanda Tossou ya gifta sai ta ɗago kai ta bi shi da ido. Wallahi da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wajen goma da rabi ya je wurin maigadi, ya tambaye shi ko akwai abin da ke fita daga ginin nan ba a buɗe shi ba. Maigadi ya ce babu, ko darakta sai ya buɗe jaka. Ya ɗan yi tunani, ya ce sai fa kwalin karin kumallo. Baƙon hawa na bakwai in zai yi sammako ana haɗa masa abincinsa a kwali, a ɗaure da zare, a jera a tebur a bakin ƙofa. Wa zai buɗe abincin babban baƙo? Shi dai takardun da ke zuwa tare da kwalayen kawai yake karɓa ya soke a ƙusa. Tossou ya zare su daga ƙusar. Biyar ne. Ya duba jerin waɗanda suka yi sammako, mutum huɗu. Takarda ta biyar ta ɗaki 709 ce, ɗakin da kwana uku ba kowa a ciki. A gurbin mai sayarwa an buga lamba 14, lambar Senami.

Kafin ya kira ta ya biya kicin. Kuku Codjo, tsoho mai tsini a baki, yana juya ƙwai bai ko waiwayo ba. Ya ce ya tuna kwalin sarai, don takardar ta zo daga na'ura da sharaɗi: ban da ƙwai, ban da kofi, ban da duk wani abu mai zafi, a sa ƙanƙara leda biyu, kada a ɗaure.

"Na ce wannan baƙon kifi ne ko mutum?"

A ɗakin bayan tebur Tossou ya sami Senami, idonta ya kumbura. Akwai farin allo a bango da sunayen ma'aikata, kowa na jan layi a gaban sunansa in ya sayar. Zannou ne a sama, layukansa har sun sauko layi na biyu. Senami ce a ƙasa. Ya ajiye mata takardar.

"Lambarki ce?"

"Tawa ce. Amma ban buga ba."

"Wa ya san ta?"

"Kowa, Shef. A ƙarƙashin tebur muke manne su, saboda mantuwa."

"Kin gaya wa wani abin da ke cikin jakar?"

"Na rubuta a kwamfuta. Dole ne. In ka sayar sai ka rubuta abin da ya sa baƙo ya yarda, don gaba a san ta inda za a ɓullo masa."

Ta rubuta har sunan allurar, yadda Madam Bake ta nuna mata. Tossou ya juya ya ƙirga layukanta a allon. Ya sake ƙirgawa.

"Nawa kika sayar wannan watan?"

"Ashirin da tara." Ta fashe da kuka. "Saura ɗaya. Tun asuba nake roƙon baƙi, ba wanda ya kula ni."

Tossou ya buɗe littafinsa, ya koma shafin ƙarfe tara, ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta da hannunsa. Ya ji kamar ya mari kansa. Ya tambayi darakta yaushe kwamfuta ke fitar da jimillar kowa, aka ce sai an rufe aikin yini. Ya tambaya wa ke karanta bayanan baƙi, aka ce shugaban tebur, kowace asuba. Sha ɗaya da rabi ta yi.

Ya tara Zannou da Senami da Afiavi da Madam Bake a ofishin darakta, ya yi magana a taƙaice. Wanda ya ɗauki maganin ya san mene ne, ya san ba ya son zafi, shi ya sa ya hana ƙwai ya nemi ƙanƙara. Afiavi ba ta san komai ba ban da cewa magani ne, kuma ba ta taɓa kwamfuta. Saura mutum biyu da suka karanta bayanin. Senami saura layi ɗaya ta tsira da aikinta, da ita ta buga takardar da ta ruga ta ja layin nan tun kafin tawada ta bushe. Ba ta ja ba, don ba ta san da kwalin ba. Allo ya ce ashirin da tara, ita ta ce ashirin da tara, kwamfuta ba ta yi magana ba tukuna.

"Mutum ɗaya ne a ginin nan ya ce talatin," in ji Tossou. "Musiyu Zannou, a ina ka samo na talatin ɗin?"

Bakin Zannou ne ya tona shi. Shekara goma sha biyu yana haddace lambar kowa a ka, ya fi su sanin abin da suka sayar. Ya haɗa kwalin ƙarya, kansa kuma ya ƙirga shi kamar na gaske. Sauran ba wuya. Ya san minti goman Afiavi, ya san kujerarta, kuma kullum da safe shi ke raka manyan baƙi mota da kwalinsu a hannu, ba mai kallonsa sau biyu.

Bai musa ba. Ya ce akwai wani mai cinikin magani a ɓoye da ya taɓa ce masa in irin wannan ta faɗo ya kira shi. Har ya ƙara da cewa ai ita Senami taimakonta ya yi.

"Ina kwalin?"

"A but ɗin motata. Tsallaken titi."

Ya dubi agogo, sannan ya dubi Tossou, muryarsa a sanyaye.

"Ƙarfe takwas zan kai shi, Shef. Mutumin yana da firji. Kai ka hana ni fita."

Da gudu suka tsallaka titi, 'yan acaba na zaginsu. Filin ajiye motocin ma'aikata ba rumfa ba bishiya, rana ta take tsaka. Ƙarfen but ɗin sai da Tossou ya sa hankici ya ɗaga shi. Kwalin na nan da tambarin otal, gindinsa ya jiƙe sharkaf. Ledojin ƙanƙara sun zama ruwan ɗumi. Tsakanin burodi da ayaba ga kwalaben nan shida cikin kwalinsu na magani, lafiya lau, ko ɗaya bai fashe ba.

Madam Bake ta iso a bayansu ba takalmi. Ita ta juya kwalin maganin da hannunta. Alamar ta yi ja wur.

Aka sa wa Zannou ankwa aka wuce da shi. Afiavi ta koma falonta. Darakta ya soke takardar 709, don haka Senami ta koma ashirin da tara, kuma babu wanda ya ce mata komai a kan gobe. Sannan ya zo ya rusuna a gaban Madam Bake, ya ce otal ya yi matuƙar baƙin ciki, an ba ta kwana biyu kyauta a hawa na bakwai, da falo, da karin kumallo. Da gaske yake, bawan Allah, abin da ke hannunsa ke nan. Ta kalle shi kamar yana magana da wani yare.

Tossou ya zauna kusa da ita a kan dakalin bakin titi. Ya ce za a je kotu, za a tilasta a biya ta. Ta tambaye shi wata nawa. Ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi ko kotu na zama kafin gobe da safe. Ya sunkuyar da kai. Ya kama ɓarawo cikin awa biyar, aikin da ba abin kunya a ciki, amma bai taɓa jin kansa ba shi da amfani kamar yau ba.

Wayarta ta yi ƙara. Sunan Orou ne a kai. Ta dube ta, ta dubi kwalin da ke cinyarta, sai ta miƙa wa Tossou wayar.

"Na ji yadda ka yi musu bayani a ofis, tiryan-tiryan," in ji ta. "Ka iya bayani, Sufeto. Yi masa."

Ya karɓa. Wayar ta yi ta ƙara a tafin hannunsa har ta tsinke. Suna zaune, ta sake farawa.