Abin da Zubair Ya Binne a Ƙofar Gida

Duk Jibiya an san Zubair tun yana jigilar gero a kan babur zuwa Maraɗi. Mutum ne mai zafin nema, amma abu biyu sun tsaya masa a rai: kwastan a wannan gefe, takwarorinsu duwan na Nijar a wancan.

Yayansa Manu ya sha gaya masa, "Ka yi wa sana'ar nan rajista, ka biya kuɗin fito, ka karɓi takardarka ka huta."

"Haba Yaya! Ni da zufa, su da ci? Ina!"

Wata rana da tsakar rana ya bi ƙaramar hanya bayan Gangara, wurin wani boka. Bukka ce a gindin busasshiyar kuka wadda ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. Ciki an jera kawunan awaki, kowanne an ƙwaƙule masa idanu.

"Mi kake biɗa?" in ji boka.

"Kada ido ya sauka kan abin da yake nawa."

Boka ya daɗe yana kallonsa. "Duk abin da yake naka?"

"Duka."

"Sake tunani, samari. Wannan ba a warware shi."

"Baba, sauri nake. Na ce duka."

Aka yanka baƙin zakara, boka ya ɗinke idanun zakaran cikin fata, ya ce a binne a ƙofar gida.

Babur ya zama mota, mota ta zama motoci. Sai su ratsa shingen iyaka da kaya niƙi-niƙi, jami'ai na ta hirarsu. Masu karɓar haraji su shiga shagon dama, su shiga na hagu, su tsallake na Zubair. Zubair ya yi ƙiba, yana yi wa Manu dariya.

Ya manta mata da 'ya'ya ma nasa ne.

Ɗansa Uwaisu na tsallaka titi da rana tsaka, babbar mota ta bi ta kansa. Direban ya rantse da Alƙur'ani titi fayau ya gani. 'Yarsa Muhsina ta faɗa rijiya, mata na ta jan ruwa a kanta, ba wadda ta lura. Matarsa Salmatu ta yi ta sallama gidajen maƙwabta ba mai amsawa, har ta fara yaga zane tana ihu, "Ga ni fa! Ga ni!"

Zubair ya tone ƙofar gida da farcensa, bai sami komi ba. Ya koma bayan Gangara, sai busasshiyar kukar kawai, ba bukka ba boka. Direbobinsa suka gudu da motocin. Ya je kotu kai ƙara, ba rajista, ba takarda, ya yini a tsaye ba wanda ya gan shi balle ya ce masa kanzil.

Yanzu, in ji masu faɗa, kana tsaye a shingen iyaka sai ka ji murya kusa da kunnenka tana roƙo, "Yallaɓai, ku kama ni. Don Allah ku kama ni." Ka waiwaya, ba kowa.

Ku yara masu fara kasuwanci, ku biya abin da doka ta ce, a gan ku. Wanda haɗama ta ɓoye, ko gawarsa ba mai gani balle a yi masa salla.