Saƙon Da Ba Shi Ya Rubuta Ba

"Ba ya nan."

Baji Shamim ce ta faɗa, ta tokare ƙofar gidan da kafaɗa kamar wadda ta ga ɗan fashi. Ita ce yayar Tauqir, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

Nighat ta gyara mayafinta. Tun hantsi take cikin mota daga Lahore zuwa Sialkot, ƙafafunta sun kumbura, ga maƙogwaro na yi mata zafi.

"Baji, na san yana ciki," ta ce da wata irin murya mai kama da ana jan buhu a kan siminti. "Minti biyar kawai..."

"Minti biyar! Shekara ashirin da ɗaya ba su ishe ki ba?"

Nighat ta sunkuyar da kai. Ina za ta samo ƙarfin musu?

Shekara ashirin da ɗaya kenan tun lokacin da ita da Tauqir suke gabatar da shirin safe a ƙaramin gidan rediyon jami'arsu. Ɗaki ne kamar akurki, fanka ɗaya, abin magana biyu. Shi ya iya barkwanci, ita kuma murya Allah Ya ba ta, har masu sayar da shayi a bakin ƙofa sun san ta. Da suka gama karatu ya aiko neman aurenta, mahaifinta ya ce ba zai ba ɗan tela marar aiki 'yarsa ba. Ba ta yi tawaye ba. Ta yi kukanta, ta auri wani ma'aikacin banki mai kirki, ta haifi 'ya ɗaya, Maham. Shekara shida da suka wuce mijin ya rasu.

Wani tsohon abokin aikinsu, Rauf, shi ya tattara tsofaffin 'yan rediyon a zaure ɗaya na waya. Hotunan furfura, ta'aziyya, tsokana. A nan ta sake cin karo da Tauqir, ya yi aure ya rabu, ba ɗa ba jika. Daga gaisuwa suka koma hira kullum, shekara biyu cur.

Sai aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi ba ta dawo ba. Ta ɓoye masa. In ya kira ta ƙi ɗauka, ta rubuta masa cewa tana aji.

Rannan saƙo ya shigo daga wayarsa: "Ki daina rubuto min. Na gaji."

Ta daina. Wata biyar.

Sai jiya Rauf ya kira ta. "Nighat, wai ba ki sani ba? Ciwon suga ya cinye idon Tauqir. Tun bara ba ya iya karanta ko harafi ɗaya, Baji ce ke karanta masa saƙo."

Da ta ɗauki jaka da safe, Maham ta tare ta. "Ammi, don Allah! Dangin mijin da zan aura za su ji. Me za su ce? Uwar amarya na bin namiji har gida?"

"Su ce abin da suka ga dama, 'yata. Na gaji da tsoron bakin mutane."

Yanzu ga ta a ƙofa, rana na dukan ta.

"Ke kika rubuta min, ko Baji?"

Baji Shamim ba ta ko ƙifta ido ba. "Ni ce. Kuma in an sake zan sake! Lokacin da yake da ido, yake da ƙarfi, kuka ce bai kai ba. Na kwashe shi kamar tsumma. Yanzu kullum yana kiran ki kina ƙin ɗauka, sai ya zauna ya yi jugum, abinci ma ba ya ci. Ni zan zuba ido ki sake kashe shi?"

"Ba wulaƙanci ba ne... kin dai ji muryata."

"Baji, wa ke nan?"

Daga tsakar gida maganar ta fito. Ga Tauqir nan yana laluben bango, ya rame, gashin duk ya yi fari.

Kunya ta kama Nighat kamar yarinya.

"Ni ce."

Ya tsaya cak. Ya karkata kai.

"Nighat?"

"Ka gane ni? Da wannan muryar?"

"Wa kuma ke jan numfashi sau biyu kafin ta yi magana? Shekara uku ina zaune kusa da ke ina jin sa." Muryarsa ta karye. "Me ya same ki, masoyiyata?"

Hawayen da ta riƙe tun Lahore suka ɓalle.

"Aiki aka yi min. Na ji tsoro ka ji ni haka... muryar ce kawai abin da nake da shi."

"Ni kuma na ji tsoro ki san na makance. Kullum in tambayi Baji ko kin rubuto, ta ce a'a."

Ya juya inda yake zaton yayarsa take. "Baji?"

Baji Shamim ta saki ƙofar. Ta zauna a kan dakali daɓas, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Na gaji, Tauqir," ta ce cikin kuka. "Wallahi na gaji. Allura safe da yamma, asibiti, girki marar gishiri marar suga, ga gwiwoyina. In ta zo ta ɗanɗana ta gudu, ni za a bar wa gawarka."

Nighat ta durƙusa gabanta, ta riƙo hannayenta.

"Baji, ban zo da ƙuruciya ba, ban zo da kyau ba. Amma na yi jinyar miji shekara biyu har ya cika a hannuna. Na san abin da nake shiga."

"Kin tabbata?"

"Sau ɗaya na bar shi. Ba zan iya na biyu ba."

Ba a yi saurin shawo kan Maham ba. Sati uku ba ta yi wa uwarta magana, sai da ta je Sialkot da ƙafarta, ta ga mutumin, ta dawo ta ce, "Ammi, ya sa ni dariya har na ƙware. Amma sai bayan bikina."

Haka aka yi. Bayan bikin da wata ɗaya aka ɗaura aure a tsakar gidan, mutum goma sha ɗaya, rabinsu tsofaffin 'yan rediyo masu tumbi da sanƙo. Rauf ya yi ta surutu har liman ya harare shi.

Da la'asar baƙi suka watse. Baji Shamim ta kira amarya ɗakin girki, ta miƙa mata akwatin allurai da wata doguwar takarda.

"Ta safe kafin karin kumallo. In ya ce miki likita ya yarda ya ci halawa, ƙarya yake."

"To, Baji."

"Ni zan je in kwanta. Kada wanda ya tashe ni, ko gidan ne ya kama da wuta."

Nighat ta dawo ta same shi zaune a kan gadon igiya, ƙarƙashin bishiyar lemo.

"Kin gaji, amarya?"

"Kamar in mutu."

"Ni ma."

"To matsa min mana."

Ya matsa. Ta zauna, ta jingina kanta a kafaɗarsa.