Fayil Ɗin da Ya Kwana a Waje

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kai ƙara wurin 'yan sanda cewa an sace tambayoyin jarrabawar lissafi, har sun zaga wayoyin ɗalibai. Kafin Sufeto ya iso, shugaba ya riga ya yanke hukunci. Sakatariyarsa ce ta buga tambayoyin, don haka takardar korarta na kan teburinsa, sa hannu kawai take jira.

Sufeto ba mai gaggawa ba ne. Abokan aikinsa kan tsokane shi wai ko shayi sai ya yi masa tambayoyi kafin ya sha. Ya tarar da sakatariyar, wata dattijuwa, zaune, idanu jajur, sai ta ba shi tausayi.

"Mama, kunna mini kwamfutar."

Komai tsaf. Kowace shekara da foldarta, cikin shekara zango, cikin zango aji. Fayil ɗaya ne tal yashe a fuskar kwamfutar, sunansa "sabo na ƙarshe 2".

"Wannan fa?"

"Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe. Ni ko hoton jikata ba na bari a fili, yana da foldarsa."

Ya buɗe, sai ga tambayoyin. An kwafo su ranar Asabar, ranar da ba aiki.

"Wa ke da makullin ofishin nan ban da ke?"

"Mataimakin shugaba. Ƙaninsa ne."

Mataimaki ya rantse rabonsa da ofishinta tun farkon zango. Sufeto bai musa ba, ya dai roƙe shi ya nuna masa jerin sunayen malamai a kwamfutar shi mataimakin. Mutumin ya yi ta lalube yana gumi, don fayiloli sun cika fuskar kamar ranar kasuwa. Sufeto ya leƙa yana karantawa a hankali: "Sabo. Sabo na gaske. Sabo na ƙarshe."

Ya ɗago. "Malam, na ƙarshe na biyu fa, ina ka baro shi?"

Nan take mataimaki ya amsa laifinsa. Ya ce ya fito da fayil ɗin fili don ya zuba a filashi, ya sauya masa suna yadda ya saba, ya manta bai goge ba. Ɗansa ne ya faɗi lissafi sau biyu, shi ya ba, shi kuma ya raba wa abokansa.

"Ka san za a kore ta?"

"Na sani."

Aka fita da shi. Shugaba ya yage takardar korar, ya kasa haɗa ido da sakatariyar.

Ta ce, "Shekara goma sha tara ina yi maka aiki, ranka ya daɗe. Ko tambayata ba ka yi ba."