Jirgin Zakiru a Tafkin Istiraha

"Katako?! Ranar da ya zo ganinki, katako ya kawo?"

Fatna ce ke faɗa, 'yarta Sundus kuwa ta rungume abin kamar jariri. Maƙwabtana ne a Al-Azizya, bangonmu kuma ba kauri, alhamdu lillahi.

Zakiru kafinta ne ya ƙera shi har da ɗan inji: ƙaramin jirgin saman Jamusawa, irin wanda suka koya wa sojojinsu tuƙi da shi lokacin yaƙi. Ba taya, sai ƙafafu biyu kamar kwale-kwale, don daga kan ruwa yake tashi.

"Ummi, dubi kujerun..." Sundus ta ce a hankali. "Mai koyo a gaba, malami a baya. Wai idan na gaba ya tsorata, na baya zai riƙe."

"Ya riƙe kansa!"

Tun daga ranar yarinya take zama saman bene, wai tana hango teku mai sanyi bayan dutsen Uhud, ita da Zakiru suna shawagi cikin gajimare.

Sai ga Lubna, 'yar yayar Fatna, wadda duk unguwa ta san idonta na kan Zakiru.

"Ya Hala," ta ce wa ƙanwar uwar tata, "abu mai sauƙi. Juma'a mun kama istiraha, gidan shaƙatawar nan na haya. In jirgin ya tashi daga tafkin wanka, a ba Zakiru Sundus. In bai tashi ba, halas, magana ta ƙare!"

Ta san tafkin gajere ne, 'yar nema.

Ranar Juma'ar bayan la'asar Zakiru ya tsaya can gefe, kai a ƙasa, rimot a hannunsa.

Jirgin ya yi ƙugi, ya tsaga ruwa, ya ɗaga hanci...

Ƙwas! Ya daki bango. Fiffike ya karye, ya fara nutsewa.

Lubna ta rangaɗa guɗa.

Sai muka ji tsundum!

Sundus ce, da abayarta, ita da ba ta iya iyo ba. Ruwa har wuya, ta ɗaga jirgin saman kanta tana kuka.

Zakiru ya rugo bakin tafkin. "Habibti, fito! Wallahi zan yi miki wani!"

"Wannan nake so!"

Fatna ta daɗe tana kallonta, idonta ya ciko.

"Ku tsamo min 'yata... Kai kuma juya baya, marar kunya! Gobe ka turo babanka, kafin ta bi ka Yanbu ta faɗa min teku."

Lubna dai ba ta iya cin shinkafar kabsa ba ranar. Ni na cinye rabonta.