Keken da Ya Wuce Ɗanmalam

Ɗanmalam ya riga kowa ganinsa, sauran labari kawai suka ji. Shekara talatin yana zagaye Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa a keke, ba a taɓa wuce shi ba. Ran nan bayan isha, wani ya gifta shi cikin yashi, ko haki babu. Kishi ya turnuƙe tsoho. Gobe a ce an wuce Ɗanmalam? Ya taka har ya kamo shi.

"Kai yaro, wa ya ɗaura maka keken nan?"

"Sannu, Baba." Muryar kamar daga rijiya.

Ɗanmalam ya haska tocila ƙasa. Feda na juyawa, amma babu sarƙa, babu sawun taya.

Mai musu ya hau kekensa ya bi hanyar, in ya isa.